Kek ɗin Tukunyar Yashi

Ranar da Elnathan ya fara ganin Selina, ɓarna ya yi mata.

Malamin firamare ne a Kakangi. Ya shigo Birnin Gwari ran Asabar sayen cincin da alawar madara na bikin rufe makaranta, aka kwatanta masa gidan su Selina a bayan coci. Ya same ta a tsakar gida tana fifita gawayi a ƙarƙashin wata babbar tukunya. Tana shiga ɗaki ɗauko leda, ƙamshin bota ya ja shi, ya ɗaga murfin.

Gwangwanin kek ne zaune a kan yashi mai zafi. Yana kallo tsakiyar kek ɗin ta lotsa.

"Malam, wa ya aike ka?" in ji Selina daga bakin ƙofa. "Kek ba ya son iska kafin ya tashi. Ƙwai shida ka kashe mini."

"Ki yi haƙuri. Ni zan cinye shi, ko da tuwo ya koma."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Tun daga nan babu Asabar ɗin da babur ɗinsa bai tsaya a ƙofar gidan ba. Ta koya masa tankaɗe fulawa sau biyu, da buga bota da sukari har su yi fari, da soka tsinke a tsakiyar kek don a gane ya nuna. Hannunsa ya gaji da bugu, ita kuwa tana tuƙa madara a kasko tana yi masa tsiya. Ya sa mata suna Zumata, ta sa masa Maɓarnacina.

Wata Litinin ya turo mata saƙo: "Zumata, alawar ta ƙare, har hedimasta ya sa biyu a aljihu. Ni na ɓoye ɗaya, na kasa ci, kallonta nake yi."

Ta mayar masa: "Ka ci kafin tururuwa su riga ka, Maɓarnacina."

Mahaifiyarta, Mama Loveth, ba ta yi dariya ba da ta ji maganar aure. Shekara huɗu ke nan da mijinta ya tafi gona wajen Kutemeshi, bai dawo ba.

"Ba yaron nake ƙi ba, Selina. Dajin nake ƙi. Ga Jeffrey ɗan ƙawata yana aiki a Kaduna, ya ce zai buɗe miki shago. Ki bar ni in ga ɗayanmu ya fita daga nan."

"Mama, zuciyata ba ta can."

"Tawa ma a nan take, kin ga abin da ya same ta."

Selina ta sunkuyar da kai.

Asabar ta gaba Elnathan ya tarar da mota a ƙofar gida, Jeffrey yana sauke kwalin sabon obin na gasa kek mai aiki da gas. Bai shiga ba, ya juya babur. Da la'asar saƙonsa ya iso: "Ba ni da komai sai alli da babur. In Kaduna ce kwanciyar hankalinki, ba zan tsaya miki a hanya ba."

Ta yi kwana biyu tana fushi, sannan ta rubuta: "Na mayar masa da kayansa. Kai nake so. Ka zo."

Saƙon ya ƙi tafiya. A ranar aka katse layukan waya a yankin gaba ɗaya. Ran Laraba labari ya shigo gari cewa 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan Kakangi.

Selina ta je tasha, direbobi suka girgiza kai, babu mai bin hanyar. Ta je wurin fasto, ya yi mata addu'a. Waɗanda suka tsero an sauke su a wata makaranta a cikin gari, sai ta riƙa soya cincin kowace safiya tana kai musu, tana rabawa tana duba fuskoki. Wata mata mai suna Mairo ta ce ta hango malamin yana kora ɗalibansa zuwa rafi. Bayan wannan babu wanda ya san komai.

Hanyar Kaduna ta rufe, fulawa ta ƙare a kasuwa. Ta koma narka sukari tana yin alawar gyaɗa, don in hannunta ya tsaya kuka ke zuwa. Wata safiya sukarin ya ƙone ƙurmus tana tsaye a kansa ba ta sani ba. Mama Loveth ta sauke kaskon, ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Haka na tsaya nima," ta ce a hankali. Ta ɗora wani sukarin, ta karɓi muciyar.

Kwana goma sha shida aka yi. Selina tana cikin rabo a makarantar ta ga wani mutum ya shigo yana ɗingishi, ƙafafunsa a kumbure, wani manomi mai suna Dabo yana riƙe da shi. Elnathan ne. Sai da ya damƙa kowane ɗalibi a hannun iyayensa kafin ya kamo hanyar gari a ƙafa.

Robar alawar ta suɓuce mata. Ta ciro wayar ta nuna masa saƙon da bai tafi ba. Ya karanta sau biyu, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

"Zumata, na ɗauka kin tafi."

"Ina za ni?"

An ɗaura auren a watan Disamba. Selina da mahaifiyarta suka gasa kek mai hawa uku, Mairo da matan Kakangi suka cika coci. Elnathan zai koma aji a Kakangi in an buɗe makaranta, kowa ya sani, babu wanda ya ambata.

Mama Loveth ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Ban iya tsare mahaifinki ba, wannan ma ba zan iya ba. Na ba ku ga Mai tsaro. Ubangiji ya fitar da ku lafiya kowace safiya, ya dawo mini da ku kowace yamma."

Jama'a suka amsa da amin.