Maginin Tukwane da Farin Alli

A wani gari can da, akwai wani hankaka mai kaifin ido a bakin kasuwa. Kullum da safe sai ya zaga ya karanta abin da kowa ya rubuta a bangon rumfarsa. In baƙo ya faɗi abin da yake nema, sai hankaka ya raka shi rumfar mai abin.

Wani maginin tukwane ya ga ciniki ya ja baya. Sai ya ɗauki farin alli ya rubuta "zuma, gishiri, takalma" a farin bangonsa, yadda ba mai gani sai hankaka.

Mai neman zuma ya iso. Magini ya ce, "Babu zuma, amma ga tukunya!"

Mai neman gishiri ya iso. "Babu gishiri, amma ga tukunya!"

Kowa ya koma yana yi wa hankaka tsaki.

Ran nan sai ga wata tsohuwa tana neman tukwanen biki masu yawa. Hankaka ya wuce da ita ta gaban rumfar maginin, ko waiwaye bai yi ba.

Magini ya ce, "Haba hankaka! Ga ni nan fa!"

Hankaka ya ce, "Af, Malam, ba kai ne mai zuma ba?"

Kasuwa ta fashe da dariya. Magini ya sosa ƙeya, ya ɗebo ruwa da tsumma, ya nufi bango.