Tallar da Ta Biyo Salular Alhaji Buraima

Ranar da Lauratu ta fara shiga shagon Shamsu, ba soyayya ta kai ta ba, wayar cajin salula ce ta lalace. Ta tarar da shi ya cusa kai cikin wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, mai ƙatuwar ƙeya, irin wadda ofisoshi suka daɗe da jefarwa, yana hure mata ƙura kamar mai hura wuta.

"Malam, wannan ai sai dai a yi mata sallah a kai ta makwanci," in ji ta.

Ya ɗago ya ga mai maganar, sai notin da ke hannunsa ya faɗi.

"Ba mutuwa ta yi ba, suma ce. Tsaya ki gani."

Ya danna wani abu, na'urar ta yi tari, allon ya kawo haske. Sana'arsa ke nan a bakin kasuwar Matameye: ya kwaso tsofaffin ordinater daga Damagaram, ya tashe su, samari su zo su yi wasa a kai. Wasan da ya fi tashe na intanet ne. Kowa yana da ɗan mutum nasa a ciki, ya raɗa masa suna, ya ratsa daji da kogo da shi tare da sauran ƴan wasa.

Lauratu ta ce kallo kawai za ta yi. Kafin ta fita an saka mata wasan a salula, an kuma saka lambar mai shago, wai ko da wasan zai ba ta matsala.

Salular ba tata ba ce. Ta mahaifinta ce, Alhaji Buraima dillalin rake, wanda ƙaramar mai madannai ta ishe shi kira, ya bar babbar a hannun ƴarsa tana karanta masa saƙonni. Saƙonnin da suka riƙa shigowa daga ranar nan kuwa, ba na rake ba ne.

"Laurena, rezon intanet ya dawo. Ki zo mu ƙetare kogin nan, ni kaɗai tsoro nake ji."

"Gwanina, kai da ke tayar da matattu kake tsoron kogi?"

"Ba kogin ba, ƙetarewa ba ke."

Haka suka yi ta tafiya har suka faɗa matakin da samarin gari suke kira Rijiya. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ba a komawa baya, ƙofarsa kuma ba ta buɗewa sai mutum biyu sun taka dutse biyu a lokaci guda, alhali dodanni suna ta kawo sara. Suka gwada, suka faɗi. Suka sake, rezo ya ɗauke. A wannan tsakanin ne Shamsu ya sanar da ita cewa kawunsa zai zo neman aurenta.

Sai Alhaji ya karɓi salular wata safiya don ya ga hoton wata gona, talla ta faɗo masa: cacar ƙwallo, da wata mata ba ɗankwali tana ɗaga masa gira. Ya share, wata ta fito.

"Lauratu! Caca a gidana?"

"Wallahi Baba ban taɓa ba. Da kanta take zuwa."

"Da kanta? Me ya sa ba ta zuwa wa ƙaramar tawa? Yaron nan ne ya koya miki. Ba zan ba ɗan caca ƴata ba."

Ya zura salular a aljihu, ya aika wa kawun Shamsu cewa kada ya wahalar da ƙafarsa. Kasuwa ma aka hana Lauratu zuwa.

Gidan da ta girma a ciki ya koma mata ƙunci. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta zauna tana kallon ƙofar zaure. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da abin da za ta nuna ta wanke kanta. Rantsuwa kaɗai gare ta, ita kuma an ƙi karɓa.

Sai ga labari ya iso cewa Najma, wata gwanar wasan daga Kance, kullum tana shagon. Lauratu ta san dokar Rijiya: wanda abokinsa ya daɗe bai zo ba yana iya kiran wani su taka dutsen, su wuce su bar na farkon a ciki. Kishi ya hana ta cin tuwo, har mahaifiyarta Hajiya Kaltuma ta gaji da ganin kwano yana dawowa a cike, ta ajiye mata ƙaramar salularta a kan tabarma ta shige madafa, ita a dole ba ta ga komai ba. Lauratu ta ɗauka ta rubuta wa Shamsu.

"An ce Najma za ta fid da kai. Ka wuce, ban riƙe ka ba."

Amsa ta zo nan take.

"Ta yi tayi, na ce dutsen yana da mai shi. Ina nan a tsaye, Laurena, ko da ordinater ɗin za ta sake suma."

Ta karanta, ta yi kuka, ta cinye tuwon.

Shi kuwa Alhaji, salular da ya ƙwace ta fara shiga ransa. Wani ya nuna masa cewa ana yi mata magana ta nemo abu, sai ya tambaye ta maganin ciwon gwiwa. Ran kasuwar Ɗan Barto yana tsakiyar dillalai, ya buɗe ta zai nuna wa amininsa Alhaji Munkaila bidiyon rake, sai wata murya ta tashi da ƙarfi, da Hausa tsantsa: "Maigida, ƙarfinka ya ragu? Kana jin kunyar iyali?"

Dillalai suka juyo. Alhaji ya danna nan, ya danna can, muryar ta ƙara bayani.

"Ashe ba gwiwa kaɗai ba ce, Alhaji," in ji Munkaila, yana danne dariya.

"Wallahi ban nema ba! Da kanta ta zo!"

Yana rufe baki ya gane maganar wa ya maimaita. Ya dubi fuskokin abokansa, ya ga babu wanda ya yarda, ya ji yadda abin yake da ciwo.

Washegari ya tsaya a ƙofar shagon Shamsu. Saurayin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Cire mini wannan rashin kunyar."

"To Baba." Ya karɓa da hannu biyu. "Ita salula zato take yi, ba sani ba. Wanda ya nemi maganin gwiwa, ta ce wannan ma zai so. Wanda ke wasa, ta ce zai so caca."

Alhaji ya waiga. Idonsa na kan tsohuwar ordinater, inda wani ɗan mutum yake tsaye a kan dutse, wata mai koren mayafi tana gefe ba ta motsi.

"Waccan fa?"

Shamsu ya sunkuyar da kai. "Ta Lauratu ce. Ƙofar ba ta buɗewa sai da ita."

"Tun yaushe kake tsaye a nan?"

"Tun ranar da ka karɓi salular, Baba."

Alhaji ya karɓi abarsa ya fita. A gida bai sake tayar da zancen ba, har Lauratu ta fara fid da rai. Sai wata Asabar da hantsi ya kira ta zaure, ya miƙa mata salular ba tare da ya dube ta ba.

"Ungo. Saƙonni sun taru."

Ta koma ɗaki. Tana buɗewa talla ta faɗo: gadon amarya. Ta share, sai ga jeren kwanuka. Ta sake sharewa, labule. Ta ruga madafa.

"Inna, dubi!"

Hajiya Kaltuma ta leƙa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kwana da kwanaki Babanki yana rufe zaure yana tambayar salular nan gado mai ƙwari. Shi a ganinsa ba wanda ya sani. Wannan karon dai ba ta yi masa ƙazafi ba."

Lauratu ta goge hawaye, ta shiga wasan, ta ɗora mai koren mayafi a kan dutsenta. Rezo bai ɗauke ba. Ƙofar ta buɗe.

"Gwanina, ka gaya wa Kawu ya zo."

"Yana neman hularsa, Laurena."

Bayan an sare rake aka ɗaura auren. Da za a kai amarya, Alhaji Buraima ya dafa kanta.

"Na yarda da salula na ƙi yarda da ke. Ki yafe mini, ƴata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma Shamsu, yadda ka jira ta a can, haka za ka riƙe ta a nan."

"In sha Allahu, Baba."

Mata suka rangaɗa guɗa. Babbar salular ta tafi cikin kayan amarya, Alhaji ya koma wa ƙaramarsa mai madannai, ya ce ita dai ba ta taɓa shiga tsakaninsa da kowa ba.