Jan Biro da 'Yar Maƙera

Da gardama suka fara, ranar da ya shigo shagon tabarau karɓar gilashinsa.

Auta ce ke kan kantar shagon. Aikinta ta gwada wa mutane firam, ta lanƙwasa ƙafafun tabarau su zauna daidai a kunne. Ta ɗora masa nasa a hanci, ta ja baya.

"Duba allon can, ka gaya min ko kana gani sosai."

Bai ko kalli allon haruffan ba. Idonsa ya tsaya kan wata taswira da aka zana da hannu, aka manna a gefen kwamfutarta.

"Wannan ai Daular Kogin Azurfa ce."

Daɗi ya kama ta. Tsohon littafi ne mai juzu'i uku, na dodanni masu fukafukai da mayu da takubba masu suna, marubucinsa ya daɗe da rasuwa. Tunda ta manna taswirar nan, ba wanda ya taɓa gane ta sai yau.

"Ni na zana," ta ce tana murmushi.

"Kin yi ƙoƙari. Sai dai kin sa Hasumiyar Gishiri a gabashin kogi. A yamma take."

"A gabas take."

"Juzu'i na biyu, inda rundunar sarauniya ta tsallaka. Rana na faɗuwa a bayan hasumiyar."

Da ta koma gida ta duba. Gaskiyarsa ce, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi.

Bayan kwana biyu ya dawo, wai tabarau na matsa masa kunne. Ta duba, lafiyar tabarau ƙalau. A nan ta ji cewa mai awon filaye ne, shi kuma ya ji cewa tana rubuta ɗori.

Ɗori shi ne labarin da masu karatu ke ƙirƙira su ɗora a kan duniyar tsohon littafin, su saka a zaurensu na intanet. Auta ba ta damu da sarakuna ba. Ta ɗauki wasu biyu da marubucin ya ambata a layi ɗaya ya wuce, 'yar maƙera da mai zana wa sarauniya taswira, ta gina musu rayuwa sukutum. Zauren kuma yana da ƙa'ida: ba a sakin babi sai mai dubawa ya karanta ya yi gyara. Tata mai dubawar ta haihu, ba ta da lokacin kanta balle na dodanni.

"Ni zan iya duba miki," ya ce, yana goge gilashin da ba shi da datti.

Ta amince. Da ta san abin da ta jawo wa kanta, da ta yi tunani sau biyu.

Babin farko da ta tura masa, sai da ta yi mako tana gina shi. Ta ajiye waya kusa da ita tana jiran ta ji an ce ya yi daɗi. Amsa ta shigo.

"Salam, Maƙeriya. Na karanta. Daga Kasuwar Mayu zuwa bakin kogi doki ba zai kai a yini guda ba, na auna da ma'aunin taswira. Dodannin arewa ba sa fesa wuta, sanyi suke hurawa. Takobin sarauniya kuma a lokacin yana hannun ƙaninta. Kin ci abinci?"

Ta rubuta: "Na ci. Labarin fa?"

"Ai shi na gyara."

Tun ranar ta raɗa masa Jan Biro.

Abin takaicin shi ne mutumin ba mugu ba ne. Duk yamma in an tashi, za ta same shi jingine da bangon shagon, takalmansa duk taɓon fili, ya raka ta tashar bas. Ranar da ciwon kai ya kwantar da ita, ya aiko da magani har gida. Ya san kowane layi da ta rubuta, har wanda ita ta manta. Wata rana a tashar ya ce mata, "Maƙeriya, ki riƙa rage kallon waya, idonki ya yi ja," da wata murya mai taushi da ta hana ta sukuni har ta isa gida. Tana sonsa, ta sani, kuma ta tabbata yana sonta. Amma bakinsa bai taɓa furta wa ita ko labarinta kalma mai daɗi ba.

Mama ce ta fara gajiya.

"Auta, zo nan. Wannan yaron da kuke waya, me yake gaya miki ne?"

"Gyaran rubutu ne, Mama."

"Gyara? Kullum ki shiga ɗaki da fara'a ki fito kina tsaki. Jiya har hawaye na gani. Tun ba a yi aure ba yana sa ki kuka, in an yi fa?"

"Ba haka yake ba."

"To yaya yake? Ya taɓa cewa yana sonki?"

Auta ta hau murza gefen mayafi.

"Kin gani," in ji Mama. "Ni ban haifi 'ya don a yi mata makin jarrabawa ba."

Baba da ke gefe yana gyaran rediyonsa bai ɗago ba. "In da gaske yake, ya san hanyar gidan nan. In kuma ba ya zuwa, ai Likita ya yi magana, kuma na ce masa zan tambaye ki. Ba zan bar bawan Allah yana jira har abada ba."

Likitan ido ne na shagonsu, mutum mai tsabta da ladabi, ya iya gaisuwa. Mama na ganinsa take washe baki. Shi ma ya nemi Auta ta riƙa tura masa labaranta. Ta tura masa babi mai tsawon gaske, ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo.

"Kai, Gimbiya! Wannan ai kin ƙure basira. Ya yi daɗi matuƙa."

Washegari ta tambaye shi wane wuri ya fi burge shi. Ya ce wurin da mahaifiyar yarinyar ta yi magana. Uwar 'yar maƙera kuwa ta mutu tun shafin farko.

Ga mai yabo bai karanta ba, ga mai karatu ba ya yabo. Auta ta ji kamar ta haɗa kawunansu ta gwara.

Sai ta yanke shawara irin ta marubuta. Tunda da labari kaɗai Jan Biro ke jin magana, da labari za ta yi masa.

Ta zauna ta rubuta sabon babi. Wani attajiri ya zo neman auren 'yar maƙera, mahaifinta ya ce ba zai jira ba. Mai taswira yana zuwa maƙera kullum da yamma, takalmansa duk taɓo, yana gaya mata inda takubbanta suka karkace. Ita kuma ta bar ƙofar maƙera a buɗe, ta ce masa, "Kai da ka san hanyar kowane gari, ka san ta ɗakin mahaifina?" Har tabarau ta saka wa mai taswirar, a duniyar da ba a san gilashi ba. Ko makaho ya shafa zai gane.

Ta tura masa. Ranar ta ba wani tsoho tabaran jikarsa saboda hankalinta na kan waya. Da la'asar amsa ta iso.

"Salam, Maƙeriya. Babu tabarau a Daular, ki cire. A shekarar nan mai taswira yana arewa da runduna, ba zai riƙa zuwa maƙera kullum ba. Babbar matsalar ita ce shi kansa. Yarinya ta yi masa magana ƙiri-ƙiri bai gane ba. Babu namijin da zai kai wannan dolanci, masu karatu ba za su yarda ba. Ki ƙara masa wayo."

Laifi tudu ne. Auta ta karanta, ta sake karantawa, ta shiga banɗakin shago ta yi kuka mai isarta. Ta wanke fuska ta rubuta:

"Akwai shi. Na san shi. Daga yau na sauke ka daga dubawa, kar ka ƙara jira na a bakin shago."

Ta saki babin a zaure haka nan ba gyara, ta karya ƙa'ida. Ba wanda ya yi ƙorafi. Sharhi ya dinga zuba: "Allah ya farkar da mai taswira." "Wannan tabarau ba banza ba, marubuciya, wane ne shi?" Jama'ar da ba su taɓa ganinsa ba duk sun gane, shi kaɗai ya rage.

Jan Biro ya shiga damuwa. A wurin aiki ya kafa turaku a filin maƙwabci, sai da aka tuge. Shi a tunaninsa zafin gyara ne ya ɓata mata rai. Ya tura saƙo: "Ki yi haƙuri, in kina son tabaran ki bar su." Ba ta amsa ba.

Yayarsa ce ta same shi a falo ya tasa shayi a gaba har ya huce. Ba ta san dodo ba, ba ta san hasumiya ba. Ta karɓi wayarsa ta karanta babin a tsaye, ta karanta amsarsa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Takalman wa ke da taɓo?"

"Na mai taswira."

"Wa ke sa tabarau?"

Ya kai hannu fuskarsa. Hannun ya tsaya a can.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

"Ka ce a ƙara masa wayo ko? Amin. Tashi ka sake riga, sakarai kawai."

Ranar Asabar da safe ya yi sallama a gidansu Auta. Baba ya amsa ya ba shi kujera. Mama ta fito ta zauna ba fara'a, Auta kuma ta tsaya bayan labulen falo, ta rantse ba za ta fito ba.

"Kai ne mai gyaran?" in ji Mama.

"Ni ne, Mama."

"To, me ka zo gyarawa yau?"

Ya sunkuyar da kai. "Na zo neman izini ne in turo magabatana."

"Ba da sauri ba. 'Yata ta yi wata da watanni tana rubutu tana ba ka. Ni ban san kan labarin ba, amma na san yadda take fitowa daga ɗaki. Ka gaya min abu ɗaya da ya yi maka daɗi a ciki. In babu, ga ƙofa."

Baba ya kashe rediyo. Jan Biro ya ɗago kai.

"Mama, ina yaro na gama littafin nan. Ranar da na rufe juzu'i na uku na yi kuka, don na san marubucin ya rasu, ba sauran ci gaba. Na yi ta maimaita shi har na haddace, amma wurin ya zama kamar gidan da aka tashi. Da na karanta babinta na farko, inda 'yar maƙera ke hura wuta tana yi wa mahaifiyarta da ta rasu hira, sai da na tsayar da aiki na zauna a kan dutse a fili. Na ji mutane sun dawo garin. Wallahi wani wurin ta fi mai littafin."

"To me ya hana ka faɗa mata?"

"Tsoro. Na ga in na ce ya yi daɗi, magana ta ƙare a layi ɗaya. In na kawo gyara kuwa, za ta kira ni mu yi ta musu har bas ɗinta ya zo. Ni muryarta nake nema. Ban san ina ƙona mata rai haka ba."

Labule ya motsa. Auta ta fito idonta jawur.

"Kuma sai da ka bari na yi kuka a banɗakin shago?"

"Ki yafe min, Maƙeriyata. Ina sonki. Tun ranar da na ce tabarau na matsa min kunne nake sonki, ƙarya na yi, ba abin da ke matsa min."

"Na sani," ta ce, dariya da kuka suka haɗe mata. "Ni na gyara su ai."

Mama ta kawar da kai tana share ido da bakin zani. "Ka ji ni da kyau. Kullum ka faɗi mai daɗin tukuna. In na ƙara ganin hawayenta, ni zan duba ka."

Baba ya ce ya turo magabatansa, shi kuma zai yi wa Likita bayani da kansa. Likita kuwa ya karɓa da mutunci, har ya zo ɗaurin aure.

Ranar da za a kai amarya, Mama ta riƙe hannun Auta da na ango a ƙofar gida ta daɗe ba ta saki ba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanku da zuriyarku. Kai kuma Allah ya buɗe maka baki."

"Amin," in ji Auta da ƙarfi, tun kafin ango ya buɗe nasa.