Ikilima da Kakakin Janar

Ikilima na tsakar gida tana tsince shinkafa, Inna na gefe tana yi mata tsiyar amarci, sai yayanta Badaruddeen ya shigo yana jan ƙafarsa ta hagu, ko sallama bai yi ba. Ya miƙa mata wayarsa, ya ce ta kalla.

Bidiyo ne na shekarun baya. Wani saurayi cikin kwat da wando a gidan talabijin na ƙasar waje, yana Turanci yana murmushi. Ba sai an gaya mata ba. Najmuddeen ne, ɗan Gwarzo, wanda saura 'yan makonni a ɗaura musu aure, wanda fostocinsa na takarar majalisar wakilai suka lulluɓe bangwaye daga Kabo har Kutama. Yana shaida wa duniya cewa Janar ɗin da ke mulkin wata ƙasa bai tsare ko ɗalibi ɗaya ba, sharrin maƙiya ne kawai.

A lokacin da yake wannan magana, Badaruddeen na kwance a kurkukun wannan Janar ɗin. Karatun haɗa magunguna ya kai shi. Sojoji suka afka wa ɗakunan ɗalibai bayan wata zanga-zanga, suka kwashe na kwashewa, a can aka karya masa ƙafa.

Faifan shinkafar ya suɓuce daga cinyarta.

Kafin la'asar bidiyon ya gama gari. 'Yan adawa sun samu abin yi, masu shayi da 'yan acaɓa kowa na tofa albarkacin bakinsa. Ashe aikin da Najmuddeen ke ce mata ya yi a Turai, na wani kamfani ne da ake biya ya wanke sunan Janar a wajen 'yan majalisa da 'yan jaridun can. Mahaifinta, Malam Dalhatu, mai makarantar Islamiyya a Kabo, bai ɗaga murya ba. Ya aika Gwarzo cewa an dakatar da maganar aure sai yadda hali ya yi.

Ikilima ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta shiga ɗaki ta fito. Gwaggonninta suka rabu biyu: wasu na cewa a mayar da lefe yau-yau, wasu na raɗa mata kada ta yi wauta, matar onarabul za ta zama, wane ɗan siyasa ne ba shi da tabo? Kiran Najmuddeen na shigowa tana kallo har ya katse, sai ta kifa kai a filo ta yi ta kuka.

Ana cikin haka Alhaji Datti, baffan Najmuddeen kuma mai ɗaukar nauyin kamfen ɗinsa, ya zo da kansa. Bayan doguwar gaisuwa ya kawo shawara: za su ce bidiyon na bogi ne, na'ura ce ta haɗa, Badaruddeen kuma ya shiga rediyo ya wanke surukinsa. Shi kuwa Alhaji zai fitar da shi ƙasar waje a gyara masa ƙafa. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce bai taɓa koya wa ɗan kowa shaidar zur ba, ba zai fara da nasa ba.

Ikilima ce ta roƙi mahaifinta ya bari ta ga Najmuddeen sau ɗaya a zaure, yayanta na zaune. Ya zo ba 'yan rakiya, ya rame, idonsa ja.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce. "Ranar da Yaya ya ba ka labarin ƙafarsa, ka gane ƙasar da yake nufi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gane. Tsoro ne ya hana ni magana, Ikilima. Tsoron in rasa ki."

Ya yi ta bayani: yaro ne a lokacin, kwantiragi ne, abin da aka rubuta masa ya karanta. Ta ce ba ta daina son sa ba, kuma ba za ta yi ƙaryar ta daina ba, amma idan ya bi shawarar baffansa, ko shugaban ƙasa ya zama ba za ta shiga gidansa ba.

Ya juya zai ba Badaruddeen haƙuri, shi kuwa ya ɗaga hannu ya tari numfashinsa.

"Ni na dawo gida. Muhammad Nur, ɗan Gammo da muke ɗaki ɗaya da shi, har yau yana can. Uwarsa ta kusa makancewa da kuka. Ka san ƙofofin mutanen nan — ka ƙwanƙwasa su."

Washegari Najmuddeen ya shiga rediyo ya ce bidiyon gaskiya ne, shi ne, kuma abin da ya faɗa a ciki ƙarya ne. Alhaji Datti ya janye motocinsa da jama'arsa, ya ce yaro ya kunyata zuri'a saboda mace. Ranar zaɓe Najmuddeen ya sha kaye, kayen da har a akwatin ƙofar gidansu bai tsira ba.

Malam bai ce a ci gaba da maganar aure ba, bai kuma ce a warware ba. Manema suka fara turowa, Ikilima ta ce a ƙyale ta tukuna. Ta koma koyarwarta, tana jin habaicin mata a gidan biki tana haɗiyewa. Shi kuwa Najmuddeen ya zama ɗan hanyar Abuja, yana fafutukar a sako Muhammad Nur. Ya bi ofishin jakadanci, ya bi tsofaffin abokan aikinsa da yanzu ke gudun sa, ya tsaya gaban masu kare haƙƙin ɗan Adam ya faɗi duk abin da ya sani. Sau da yawa ana sa masa rana ana ɗagawa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Ana tsakiyar girbin dawa wata mota ta tsaya a Gammo. Muhammad Nur ya fito, furfura a kansa tun bai kai shekarun yin ta ba. Tsohuwarsa ta shafa fuskarsa da hannu biyu kafin ta yarda shi ne.

A ranar Badaruddeen ya durƙusa gaban mahaifinsu ya ce, "Baba, ni na yafe wa Najmuddeen. A ba shi ita."

Malam ya sa aka kira Ikilima, ya tambaye ta ko har yanzu tana kan bakanta na son sa. Ta rufe fuska da mayafi ta gyaɗa kai. An ɗaura auren bayan sallar Juma'a, ba jerin motoci, ba maroƙa, amma rabin mutanen Gammo sun zo da ƙafa.

Da ake yi wa amarya nasiha, Malam ya ce 'yan matan gidan su matso su ji. Ya ce son mutum ba shi ne a taya shi ɓoye laifinsa ba, ba kuma shi ne a guje shi ranar da asirinsa ya tonu ba. 'Yarsa ta tsaya a kan gaskiya, ta yi haƙuri har wanda take so ya iso inda take, shi ya sa yau za ta shiga ɗakinta ba ta jin kunyar kowa.