Ƙarar da Ba Mai Ji

Magariba ta kawo jiki, matar Injiniya tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa tulu. Ta leƙa waje, ba yaro ba babba.

Ta san mai laifi. Mijinta gyara da saita na'urar gano tsagewa a cikin ƙarfe yake yi, wadda ake duba bututu da tankin gas da ita. Na'urar tana tura wata siririyar ƙara cikin ƙarfe, ta saurari dawowarta. Da aiki ya yi masa yawa sai ya kwaso na'urorin gida, ya buɗe ɗakin baya da ya shekara goma a kulle. Kullum da faɗuwar rana zai shafa mai a kan ƙarfen gwaji, ya ɗora bakin na'urar, ya yi ta murɗawa har awo ya daidaita. Matar ta yi magana har ta gaji, a bar ɗakin nan, a bar lokacin nan. Amsarsa ɗaya ce, wai ƙarar ba mai jin ta. Mutum sai taurin kai, kamar shi ma a maƙera aka yi shi.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu Auta, 'yarsu, ta zube a ƙofar ɗakin, ta toshe kunnuwa tana ihu da muryar tsohuwa.

Malamin da aka ɗauko ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya tambayi wanda ke jikinta.

"Mai ɗakin ce," in ji muryar. "Tun ba a haifi uban yarinyar nan ba muke nan. Ya ce ba mai ji? Ƙararsa ta kurmantar mini da ɗa. Kunnen 'yarsa zan tafi da shi."

Malam ya ce za a kwashe na'urorin, a mayar da kwaɗo. Muryar ta ce kwaɗo ba ya dawo da kunne. Uwar ta rungume Auta, tana kallon mijin kamar ta shaƙe shi.

"Yarinya ba ta kunna komai ba," in ji Injiniya. "Ni na kunna. Ɗauki nawa."

Malam ya daka masa tsawa, amma magana zarar bunu ce. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa da muryarta.

Da safe matar ta same shi ya ba ta baya yana naɗe wayoyi. Ta tsaya ta amayar masa da duk abin da ke cikinta, har da cewa da ya ji maganarta da ba a kai nan ba. Bai juyo ba. Haushi ya ƙara cika ta, ta ɗauki faranti ta maka da ƙasa.

Auta ta zabura daga tsakar gida. Shi kuwa ya ci gaba da naɗe wayarsa.