Sunan da Yazid Ya Goge

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon ofishin Alhaji Attahiru, ɗakin da ke jikin zauren gidansa a Gusau, inda suke harkar iri da takin zamani. Ɗansa Yazid bai ɗago kai ba. Kwana uku ke nan yana fama da sabuwar kwamfutar da ya zo da ita, ta ƙi shiga saba, babbar na'urar da ke riƙe da duk takardun ofishin. Ya sauya waya, ya kashe ya kunna, ya rubuta sunansa da kalmar sirri har yatsunsa suka gaji. Amsa ɗaya ce kullum: ba a san shi ba.

Shekara bakwai ya yi a Legas. Ya dawo ya tarar ƙanwarsa Juwairiyya ce ke riƙe da ofishin, komai aka tambayi Alhaji sai ya ce a tambayi Juwairiyya. Abin bai yi wa Yazid daɗi ba. Ran da ya kafa kwamfutarsa ya karɓi kalmar sirrinta da sunan gyara, ya shiga sabar ya goge sunanta ya sa nasa, sannan ya ce ta huta a cikin gida sai ya gama.

Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi. Aka leƙa waje, babu kowa. Kaji suka yi tsit. Can sai aka ji sallama daga cikin ofishin, da muryar Juwairiyya sak, alhali tana tsakar gida da buta a hannu. Butar ta suɓuce, ita ma ta bi ta ƙasa.

Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta gane kowa ba. A na uku, bayan la'asar, Alhaji ya ɗauko Malam Jibo daga 'Yandoto. Malam ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, har jikinta ya fara rawa, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta. Malam ya tambayi mai muryar ko wane ne, ya ce shi aljani ne, yana zaune a ɗakin ofishin tun kafin a yi masa rufi. Duk gidan nan, in ji shi, ita kaɗai ke yin sallama idan za ta shiga ɗakin ko da babu kowa, kuma shi yake amsawa. Yanzu an hana ta shiga, an kawo wani mai banko ƙofa, shi ya sa ya biyo ta.

Malam ya ce masa yarinyar ba tashi ba ce, ya fita daga jikinta. Aljanin ya nemi a bar masa ita ran Juma'a kaɗai, aka hana. Ya nemi a fitar da sabuwar na'urar, tunda ita ta raba su.

"Kai ka hana na'urar aiki?" in ji Malam.

"Ni mi na sani ga ƙarfe? Ku tambayi wanga da ke bakin ƙofa. Sunanta ne mabuɗin, shi ya goge shi da hannunai, ina kallo."

Alhaji ya juya a hankali. Idonsa ya sauka kan Yazid da ke bakin ƙofa. Sai a lokacin Yazid ya gane: sunanta kaɗai ke da izinin karɓar sabuwar kwamfuta, nasa ba shi da ikon komai.

A ƙarshe aka shirya a kan Juwairiyya ta yi wa aljanin sallama ɗaya ta bankwana, ya koma dutsen Kwatarkwashi. Leɓɓanta suka motsa. Ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido ta ga yayanta, cikin muryarta ta da ta ce, "Yaya, kwamfutar ta shiga kuwa?"

Alhaji ne ya amsa, ba tare da ya dubi Yazid ba.

"Ke za ki shigar da ita in kin warke. Shi gobe gonarmu ta ƙauyen Wanke zai tafi."