Ɓoyayyiyar Ƙofar Shafin Saratu

Ranar da Hamna ta fara shiga shagon Sajo, hadari ya rufe duwatsun Jalingo, gari ya yi duhu tun kafin azahar. Ta yi sallama, saurayin ya ɗago daga kan kwamfuta, sai kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa ya tarwatse.

"Lafiya, Malam? Ko aljana ka gani?"

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Kamannin ne. Ke 'yar Hajiya Saratu ce, mai zuma."

Kwana arba'in ke nan da rasuwar Dada, wato mahaifiyarta Hajiya Saratu. Ta bar wa Hamna ɗakin tace zuma a gidansu na unguwar Majidaɗi, da shafin intanet mai suna Zumar Saratu, wanda Sajon nan ya gina mata.

"Hotunan kaya nake so in canza," Hamna ta ce. "Na duba shafin sama da ƙasa, ban ga wurin shiga ba."

"Ni na ɓoye shi. Da can yana fili, masu saye su riƙa zuba lambar wayarsu a ciki suna zaton nan ake oda, 'yan damfara kuma su yini suna gwada kalmar sirri. Sai na ɗauke shi daga idon jama'a, na mai da shi wani adireshi da babu mai sani. Baƙo ya tsaya a zaure, 'yan gida su bi ta ƙofar baya."

Ya rubuta mata adireshin a 'yar takarda, ya buɗe mata nata makullin, wanda hotuna da bayanin kaya kawai zai bar ta ta taɓa.

"Na Dada fa?"

"Nata yana nan. Ba a taɓa shi."

Ruwa ya tsuge kafin ta fita. Ya ba ta kujera, ya haɗa mata wani shayin, suka zauna suna kallon titi yana zama rafi. Ba ta san ya aka yi ba, sai ta ji tana ba shi labarin Dada, tana dariya da hawaye a lokaci guda. Bai ce mata ta daina kuka ba. Wannan kaɗai ya sace zuciyarta.

Ba a yi mako ba saƙo ya shigo wayarta.

"Jam na, kina lafiya, Zumata? Ƙofar tana buɗuwa kuwa? In ta ƙi, ki faɗa min in zo da kaina. In ma ba ta ƙi ba, ki ce ta ƙi."

Ta amsa tana cizon leɓe: "Mai Ƙofa, ka cika neman dalili. Ta ƙi."

Wata uku suna haka. Baba, wato Malam Maliki, mutum ne mai kunya irin ta Fulanin da, wanda shekara talatin bai taɓa kiran sunan matarsa ba, kuma tun da ta rasu bai ambace ta ko sau ɗaya ba. Da aka kai masa maganar Sajo na neman aurenta, cewa kawai ya yi, "Su zo mu gansu."

Sai Alhamis ɗin nan ta zo.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, Hamna tana ɗakin zuma, ta ji ana buga ƙofa da ƙarfi. Madam Victoria ce, maƙwabciyarsu, ɗankwalinta a hannu, wayarta a ɗaya hannun.

"Hamna! Mamanki ya yi magana! Wallahi ya rubuta a waya, ga shi yanzu-yanzu!"

Hamna ta karɓa. A shafin akwai wani gurbi, Maganar Mako, inda Dada kan rubuta 'yan shawarwari duk Alhamis bayan la'asar. Tun rasuwarta yake a bushe. Yau ga sabon rubutu, da kwanan watan yau:

"Masu sayena, damina ta yi nisa, ku rufe zumarku da kyau kada ta sha iska. Hamna, ke kuma ki daina barin rariya a cikin ruwa. Saratu."

Hamna ta juya a hankali. Rariyar tana nan a cikin baho, a jiƙe. Kujerar Dada tana inda take, kuma wani ƙudan zuma guda ɗaya yana zagaya ta. Sanyi ya bi bayanta har tafin ƙafa.

Ta kira Sajo. "Wa ya san ƙofar nan ban da ni da kai?"

"Babu."

"To kai ka rubuta?"

"Wallahi ban rubuta ba, Zumata. Kada ki ji tsoro, ba abin cutarwa ba ne."

"Ke nan ka san ko mene ne."

"Akwai amana a wuyana. Ba zan iya cewa komai ba yanzu."

Ta kashe wayar.

Alhamis ta gaba ma haka, ƙarfe huɗu cif. Magana ta cika unguwa. Mata suka daina aiko yara sayen zuma, wata tsohuwa ta ce a zuba gishiri a bakin ɗakin. Faruk, ɗan aminin Baba, mai shagon waya, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwar da ta wuce ta gaisuwa, ya samu abin da yake nema.

"Bappa, ni aikina ne, na san abin nan," ya ce, yana zaune a tabarma gaban Baba, Hamna tana jin su daga tsakar gida. "Matacce ba ya taɓa waya. Wanda ya ɓoye ƙofa shi ke da makulli. Yaron nan yana wasa da sunan baiwar Allah ne don ya juya hankalin yarinya."

Baba ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ciwo.

"Ki gaya masa ya goge shafin nan kafin Asabar. Iyayensa kuma su zauna a garinsu Lau. Ba zan ba da 'yata ga mai tono kabari ba."

Ta tura saƙon tana kuka. Amsa ta zo nan take.

"Ki ba Baba haƙuri, ba zan goge ba. In na goge, abin da zai tafi ba ya dawowa har abada. In yana son sanin gaskiya, ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni da bakinsa. Ba raini ba ne, Allah shaida."

"Ka san Baba ba zai zo ba," ta rubuta. "Ka zaɓi sirrinka a kaina."

"Na zaɓi in zama mutumin da za ki iya ba amana, Zumata. Ko da zan rasa ki a kan haka. Ban ci abinci ba tun jiya."

Ta rungume wayar a ƙirji, tana jin haushinsa da sonsa sun cakuɗe har ba ta iya rabewa.

Alhamis ta uku, saura kwana biyu wa'adi ya cika, Hamna ta ɗauki wayarta ta je ta durƙusa gefen Baba a rumfa, yana jan carbi bayan la'asar. Garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi.

"Baba, ka yarda in karanta maka sau ɗaya. In ƙarya ce, kai za ka fi kowa ganewa."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ƙarfe huɗu ta buga, wayar ta yi ƙara, su duka biyu suka zabura. Ta karanta:

"Zuma ta gaskiya ba ta narkewa da sauri a ruwa, sai ta sauka ƙasa. Haka hular wani bawan Allah ta sauka a kogin Lau ranar da aka ɗauko ni a kwalekwale, ya rantse min iska ce. Ba iska ba ce, leƙen amarya yake yi. Saratu."

Carbin ya tsaya. Hamna ta ga fuskar mahaifinta ta canza launi, leɓensa na motsi ba sauti.

"Babu wanda ya san wannan," ya ce a hankali. "Ni da ita ne, da mai tuƙin jirgin, shi kuma ya rasu tun ba a haife ki ba." Ya dubi ƙofar ɗakin zuma kamar yana jiran wani ya fito. Sannan ya miƙe. "Nemo mana keke napep."

Sajo yana ganinsu ya sauko daga kujera ya durƙusa har ƙasa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

Baba ya daɗe a tsaye.

"Yaro," ya ce daga ƙarshe, "me Saratu ta bar maka?"

Karon farko ke nan a rayuwarta da Hamna ta ji sunan nan a bakinsa.

Sajo ya buɗe aljihun tebur ya fito da ambulan a manne, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, da likita ya gaya mata gaskiyar ciwonta, nan ta zo. Ta tambaye ni ko mutum zai iya rubuta abu yau, ya ce wa shafi kada ya fito da shi sai rana kaza. Na ce ana yi. Ta yi sati uku tana zuwa, tana zama a kujerar can, tana rubutu tana dariya ita kaɗai. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Kalmar sirrinta ce a cikin ambulan ɗin nan. Ta sa na yi rantsuwa ba zan ba kowa ba sai kai, kuma sai ka zo da kanka ka tambaya. Ta ce rubutun farko na fita za ka zo da gudu."

"Ashe ba ta gama sanina ba," in ji Baba.

"Ni fa?" Hamna ta ce. "Me ya sa aka ɓoye min?"

Sajo ya sosa ƙeya. "Cewa ta yi... ba kya iya haƙuri. Wai za ki karance su duka a zama ɗaya, ki yi kuka, ki bar rariya a ruwa."

Dariya ta ƙwace wa Hamna a cikin hawaye.

Sajo ya buɗe ɓoyayyen adireshin, Baba ya sa tabarau, ya danna kalmar da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Ƙofa ta buɗe. Ga su nan a jere, rubutu hamsin da biyu, kowanne da Alhamis ɗinsa, har shekara ta zagayo. Hamna ta tuna da Asabar, jikinta ya yi sanyi: saura kaɗan da an goge muryar Dada da umarnin Baba.

A can ƙasa akwai guda ɗaya da babu kwanan wata a gabansa. Kansa kawai ake gani: Ranar Auren Hamna.

"Wannan fa?" Baba ya tambaya.

"Ta ce ba ta san ranar ba, Baba. Ta ce kai za ka sa."

Baba ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga, bai ko ɓoye ba. Ya dubi saurayin da ya yarda a kira shi mai tono kabari don kada ya karya alkawarin wadda ba ta nan balle ta kama shi.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe min." Ya mai da tabarau. "Nuna min inda ake sa ranar."

Sajo ya nuna da yatsa. Baba ya zaɓi Asabar ta biyu bayan an gama girbi.

"Ka gaya wa iyayenka. In ranar ba ta yi musu ba, ai ka iya canzawa."

"Ta yi! Useko, na gode, Baba, wallahi ta yi!"

Suna cikin keke saƙo ya shigo wa Hamna: "Zumata, yanzu zan iya cin abinci?"

"Ci, Mai Ƙofa. Amma daga yau babu ƙofar da za ka ɓoye min."

An ɗaura aure a Majidaɗi, mutanen Lau suka cika layi, Faruk ma ya zo ya yi addu'a yana kallon ƙasa. Masu sayen zuma sun dawo, har sun fi da, kowa na jiran Alhamis. Ƙarfe huɗu na yammar bikin, ana tsaka da shafa wa amarya turare, Madam Victoria ta ɗaga waya sama.

"Ku yi shiru! Maman amarya ya zo!"

Wannan karon babu wanda ya gudu. Ɗakin ya yi tsit, Baba ya tsaya a bakin ƙofa, Hamna ta karanta da kanta:

"Hamna, ban ga mijinki ba, amma tunda babanki ne ya buɗe ƙofar nan ya sa rana da hannunsa, na yarda da shi. In kuma yaron nan ne mai zubar da shayi, to dama shi na roƙa miki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanku. Maliki, kai ma ka ci abinci. Saratu."

"Amin," in ji Baba, kafin kowa. "Amin, Saratu."